A bar kare cikin gashinsa: amsoshin likitan dabbobi

Tun da damina ta kankama a Kaduna, rabin saƙonnin da ke shigo mini kan abu ɗaya suke, wato kare mai yawan gashi da warin da ya ƙi fita. Na zaɓi shida daga ciki.

Likita, ina da kare alseshan ɗan shekara biyu. Duk Asabar yarana suna yi masa wanka da omo, amma kwana biyu kacal sai wari ya dawo, ga susa ba dare ba rana. Wane shamfu ne mai ƙarfi zan saya? Alhaji, daga Barnawa

Alhaji, Allah ya ƙara girma, kada ka nemi mai ƙarfi. Ƙarfin ne ya kawo mu inda muke.

Omo an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, kuma ya iya aikinsa. Fatar kare tana da wani siririn maiƙo da take fitarwa da kanta, shi ke tsare ta daga bushewa da ƙwayoyin cuta. Duk Asabar yaranka suna kankare shi tas. Fata ta bushe ta fara ƙaiƙayi, kare ya sa farce, jiki kuma ya shiga fitar da maiƙo fiye da ƙima don ya cike gurbi, warin ya ƙaru, ku kuma ku ƙara omo. Ga shi fatar kare ta fi tamu sirantaka nesa ba kusa ba, gashin ne ke ruɗar mutane. Hatta shamfun mutane bai dace da ita ba: a ma'aunin tsami fatarmu tana wajen 5.5, ta kare kuwa tana kusa da 7, shi ya sa ake haɗa nasu daban.

Ka sayi shamfun karnuka na yau da kullum, marar yawan turare, a shagon magungunan dabbobi. Idan an rubuta a jikinsa cewa na fata mai saurin ƙaiƙayi ne, ya fi. Kada ka ɗauki mai magani a ciki don kawai ya fi tsada. Irin mai sinadarin kuloheksidin, misali, na fatar da ta riga ta kamu da cuta ne, likita ke cewa a yi amfani da shi, kuma sai an bar kumfar ta yi minti 10 a jiki kafin a ɗauraye, in ba haka ba asarar kuɗi ce.

Amma in gaya maka gaskiya, shamfu shi ne ƙaramin abu a wannan magana. Alseshan riga biyu gare shi. Akwai gashin waje, dogo mai ɗan kauri, wanda ruwa ke zamewa a kansa. A ƙarƙashi akwai na ciki, gajere mai laushi kamar auduga, a cushe. Sa yatsunka a wuyansa ka buɗa, za ka gani. Wannan na cikin idan ya sha ruwa ba ya saki da wuri. Yaro zai watsa bokiti biyu, ya ga waje ya yi fes, ya saki kare, alhali kumfa na nan kwance a gindin gashi, laima kuma za ta kwana biyu a ciki, musamman a watan Agusta da rana ke wuyar gani. Warin da kake ji, warin tsumman da aka jiƙa aka cusa a lungu ne.

Don haka a fara da taje shi tun yana bushe, a cire mataccen gashi, domin duk inda gashi ya dunƙule, ruwa ƙara ɗaure shi yake yi. A jiƙa shi da ruwa mai ɗan ɗumi har sai ya kai fata, ana buɗa gashin da hannu. A dama shamfu da ruwa a roba kafin a zuba, kada a tsiyaya shi kai tsaye a gadon baya. A kiyaye ido da cikin kunne. Wajen ɗauraya ne ake kasawa: idan yaran suka ce ya fita, su sake yi sau biyu, su bi hammata, ƙarƙashin wuya, bayan kunne da tsakanin cinyoyi. Sannan tawul, ba ɗaya ba, a matse ruwan, a zaunar da shi gaban fanka ko inda iska ke kaɗawa ana ci gaba da tajewa. Wanka da hantsi ake yi, ranar da gari ya washe. Wanda ya wanke irin wannan kare da la'asar sakaliya a damina, ya kwantar da shi da jiƙaƙƙiyar riga.

Kuma a daina na kowace Asabar. Sau ɗaya a wata ko wata ɗaya da rabi ya isa, sai in ya yi birgima a cikin ƙazanta. Abin da yake buƙata sau uku ko huɗu a mako shi ne mataji. Idan bayan mako uku da wannan gyara susa ba ta ragu ba, ko ka ga wani wuri ya yi ja yana tsattsafo da ruwa, a kai shi a kankari fatar a duba, domin ƙazuwa da ƙuma ba sa jin shamfu.

Na sayi kare kokeshiyan don gadi. Lokacin bazara yana ta haki kamar zai mutu. Maƙwabcina ya ce in kira mai aski a yi masa tal-kwabo. In yi? Wani ma'aikaci, daga Malali

Kada ka yi. Hausawa sun ce a bar kaza cikin gashinta, to shi ma a bar shi cikin nasa.

Na san abin yana kama da hankali: mutum ya ji zafi ya tuɓe riga. Sai dai mu gumi ke sanyaya mu, shi kuwa kare ba ya gumi a jiki yadda muke yi, ɗan kaɗan ne a tafin ƙafa. Hakin nan da kake gani shi ne hanyarsa ta fitar da zafi. Gashin waje kuma inuwa ce ga fatarsa. Ka aske shi, ranar Afrilu ta Kaduna ta sauka kai tsaye a fatar da ba ta taɓa ganin rana ba, ƙudaje su samu wurin zama. Sau da yawa kuma gashin ba ya dawowa daidai, na ciki ya riga na waje fitowa, ya fito a cukurkuɗe, wani wurin ma ya yi watanni a sanƙo.

Abin da ke riƙe masa zafi shi ne mataccen gashin ciki da bai zube ba. Akwai mataji mai dogayen haƙora kamar ƙaramin manjagara da aka yi don wannan aiki. Ranar farko za ka cika leda, kada ka tsorata.

Sai in ɗan yi ƙorafi. Wannan kare asalinsa na duwatsun Kokeshiya ne, wajen Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha, inda yake tsaron tumaki a cikin dusar ƙanƙara. Mun kawo shi garin da zafi ke haura digiri 35 a bazara, mun sa shi a kejin ƙarfe mai rufin kwano a jikin katanga. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka ba shi inuwa ta gaskiya, daɓen siminti mai sanyi, ruwan sha da ba ya yankewa, kada a fita da shi sai da asuba ko bayan magariba. Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39. Idan ka ga harshe ya yi ja wur, yana dalala, yana tangaɗi, ka kwarara masa ruwan famfo a jiki, ka kunna fanka, ka nufi asibiti a lokacin.

Ranka ya daɗe, ni mai gadi ne, ni nake kula da karnukan maigidana. Kaska ta dame su. Abokan aikina suna ɗiga ota-piya-piya a ruwan wanka, sun ce nan take kaska ke zubewa. Cokali nawa ake sawa? Daga Unguwar Rimi

Malam, ko ɗigo ɗaya. Na gode da ka tambaya kafin ka yi.

Ba zan manta wata karya da aka kawo mini a bayan a-kori-kura ba, da misalin ƙarfe tara na safe. Gashinta a jiƙe, warin maganin ya cika ɗakin tun kafin a sauke ta. Yawu na zuba kamar an buɗe famfo, naman cinyarta na rawa shi kaɗai, ƙwayar idonta ta tsuke ta zama kamar kan allura. Yaron da ya yi mata wankan yana tsaye a bakin ƙofa yana cewa kansa na juyawa, domin da hannu tsirara ya cuɗa ta. Ita mun yi ta yi mata allurar aturofin, mai karya irin wannan guba, har ta farfaɗo da yamma, shi kuma muka tura shi asibitin mutane. Kaskar ta mutu, ba ƙarya suka faɗa maka ba. Amma wannan guba ta fata take shiga jini, kuma gashi mai kauri riƙe ta yake yi, kare ya lasa, ya ƙara. Haka baƙin man mota da ake shafa wa mai ƙazuwa, da kananzir, da ruwan wanke banɗaki.

Ga abin da abokan aikinka ba su sani ba. Kaskar kare, jar nan, ba a jikinsa take zama ba. Ta sha jini ta ƙoshi, sai ta faɗo ta shige tsagar bango ko ƙarƙashin katakon keji ta zuba ƙwai dubbai. Ka wanke kare yau, gobe 'ya'yanta su hau. Ɗauki tocila da daddare ka haska bangon kejin daga ƙasa zuwa sama, za ka gan su a jere. Sai an yi wa wurin feshi, karnuka na waje har ya bushe, an kuma liƙe tsagogin da siminti.

Na jikin kare kuwa, ka ce wa maigidanka akwai ƙwayar da ake ba shi ya tauna, wata tana aiki wata guda, wata mako 12, kuma ga mai yawan gashi ta fi komai sauƙi tunda wanka ba ya wanke ta. Akwai na ɗigawa a ƙeya, sai an buɗa gashi an sa a fata, kuma ba a wanka kwana biyu kafin da bayan sawa. Idan akwai kyanwa a gidan a faɗa wa likita, domin wani maganin kare yana kashe ta. Duk nauyin kare ake bi, ba ƙiyasi ba. Kuma idan ka ga ɗaya ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi duhu, kaska ta riga ta sa masa cutar jini, gwaji yake buƙata.

Ɗan kwikwiyona sati biyar, zan iya yi masa wanka da sabulun salo? Ɗaliba, daga Kawo

A'a, 'yata, biyun duka. Sabulun salo da toka ake yin sa, ya yi wa fatarsa kaifi. Shi kuma bai iya riƙe ɗumin jikinsa ba tukuna. Goge shi da tsumma mai ɗumi har ya kai sati takwas. Amma ki fara saba masa da mataji tun yanzu, minti biyu kullum, za ki gode mini idan ya kai kilo 30.

Bayan wanka na ga ƙuraje a cikin karena da ƙafafunsa, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Na matsa ɗaya sai farar tsutsa ta fito. Shamfun ne ya jawo? Hajiya, daga Sabon Tasha

Hajiya, shamfu ba shi da laifi, wankan ne ma ya tona asiri, da gashi ya kwanta kika gani. Wani ƙuda ne ke zuba ƙwai a ƙasa mai yashi a inuwa, inda fitsari ko kashi ya taɓa. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, kare ya kwanta a wurin, ta huda fata ta zauna tana girma kwana 8 zuwa 12. Ramin da kika gani ta nan take numfashi. Ki toshe shi da basilin, ki jira kaɗan, za ki ga ta leƙo, sai ki matsa daga gefe biyu a hankali ta fito ɗungurungum. Kada ki fasa ta a ciki, nan ne ƙurji ke ruruwa. A wanke wurin, in sun yi yawa ko suna kusa da ido a bar wa likita.

Ki duba inda yake zuwa ya kwanta bayan wanka, na tabbata ƙasa ce a gindin bishiya ko bayan ɗaki. Kuma wannan ƙuda ba ya bambanta kare da mutum: yana zuba ƙwai a kayan da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Kayan yara, musamman na jarirai, a shanya a igiya cikin rana, a kuma bi su da dutsen guga ciki da waje.

Ina wanke karen gidanmu ya cije ni a yatsa, ɗan kaɗan ne. Na sa gishiri. Ya isa? Matashi, daga Tudun Wada

Bai isa ba. Ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15 cur, ka duba agogo, nan kam ko omo ne ya yi. Sannan ka je asibiti yau, ba gobe ba, ka tafi da katin rigakafin karen idan yana da shi, su za su yanke ko kana buƙatar allurar haukan kare da ta sarƙe-haƙora. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. A tsare karen a sa masa ido kwana 10, kada a kashe shi kuma kada a sake shi. Rigakafinsa ana fara ta ne yana wata uku, a maimaita duk shekara.

Ka kuma duba dalilin cizon. Karen gida da ya saba da kai ba ya kai baki haka kawai. Galibi hannu ne ya taɓa wuri mai ciwo, kunne mai ruwa ko gyambon da ke ɓoye a ƙarƙashin dunƙulallen gashi. Idan kwana goman sun cika lafiya, a sa masa takunkumi a baki, a buɗa gashin bayan kunnuwa da gindin wutsiya a gani.