Jiri bayan bugun zuciya: in ajiye magungunan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Shekarata 57, ina zaune a Jekadafari, Gombe. Wata biyu ke nan da aka sallame ni daga asibiti bayan bugun zuciya. Ciwon ƙirjin ya tafi, alhamdu lillahi, amma jiri ya ƙi barina. Da na ɗago daga sujada sai in ga duhu-duhu, sai na dafa bango. Ina shan aspirin, clopidogrel, bisoprolol, lisinopril da Lasix. Wani abokina ya ce magungunan ne suka yi mini yawa, in ajiye su.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Mai yiwuwa abokinka ya gano dalilin, amma shawararsa tana da haɗari ƙwarai. Don Allah kada ka ajiye ko ƙwaya ɗaya da kanka. Aspirin da clopidogrel su ke hana jini sake daskarewa a jijiyar zuciyarka, balle idan an sa maka ɗan bututun nan da ke buɗe ta. Shi kuma bisoprolol, yanke shi rana ɗaya kan iya dawo da ciwon da ka tsallake.

Ga abin da nake zaton yana faruwa. Duk lokacin da mutum ya miƙe, jini kan gangara ƙafafu. Nan take zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, jinin ya koma kai. To kai bisoprolol ya rage wa zuciyarka gudu, lisinopril ya saki jijiyoyin, Lasix kuma yana fitar da ruwan jiki ta fitsari. Haɗa wannan da zafin Gombe na Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan kai digiri 40, gumi na zuba. Sai ƙwaƙwalwa ta yi 'yan daƙiƙu ba isasshen jini, shi ne duhun nan da kake gani.

Ana iya tabbatar da haka a gida in akwai na'urar awon hawan jini. Ka kwanta minti 5 a auna, ka miƙe a sake aunawa bayan minti 1, sannan bayan minti 3. Idan lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, to an kama ɓarawon. A rubuta har da saurin bugawar zuciyar, musamman in yana sauka ƙasa da 50 a minti. Kwana uku ana rubutawa sun isa, ka kai wa likitanka takardar, kada ka jira ranar da aka ba ka. Sau da yawa rage Lasix kaɗan ko sauya lokacin shan wani magani shi ke nan. Na fi son a yi maka ECG, wato gwajin da ke duba yadda zuciya ke bugawa, da gwajin jini ma, domin aspirin da clopidogrel kan sa jini ya riƙa tsiyaya a ciki ba ka sani ba. Ka riƙa duba bayan gidanka: in ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ranar za ka tafi asibiti.

Kafin nan, ka riƙa tashi daki-daki. Da asuba ka zauna bakin gado, ka motsa ƙafafu minti ɗaya kafin ka miƙe zuwa alwala. A salla, ka ɗan zauna bayan sujada, in jirin ya matsa ka yi ta a zaune, addini ya ba marar lafiya wannan sauƙin. Tuƙin mota da hawa babur a dakata tukuna. Zoɓo da jiƙe-jiƙen hawan jini ma a jingine su, suna iya ƙara saukar da jinin. Batun ruwa kuwa, ba zan ce ka yi ta kwankwaɗa ba, tunda wanda ke shan Lasix wani lokaci ƙayyade masa ake yi. Ka tambayi likitanka lita nawa, ka kuma tambaye shi kafin ka ɗauki azumi, ko na nafila ne.

Amma in jirin ya zo da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko zuciya na dukan uku-uku, ko ka suma, ko baki ya karkace, magana ta harɗe, ɓarin jiki ya saki, kada a tsaya awo ko shafa ruwa. A sa ka a mota zuwa sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko mafi kusa da ku, ko da tsakar dare ne, a tafi da ledar magungunanka duka.