Tambayi Likitan Dabbobi: Na ƙara wa magena insulin, sai ta zube

Salam Dakta, barka da ƙoƙari. Dan Allah a taimaka min, magena ce shekararta 9, wata biyu kenan ta fara shan ruwa kamar me ga yawan fitsari ga rama alhali tana cin abinci sosai, da muka kaita asibiti akace ciwon suga ne, aka rubuta mata allurar insulin mai suna Lantus yunit 1 safe da yamma. Ran Talata da safe na gwada ta da mitar gwada suga ta Babanmu naga 21, hankalina ya tashi na bata yunit 3 tunda naga shi ma Baba idan nashi ya hau yana ƙarawa. Wajen azahar kawai naganta tana tangaɗi tana rawar jiki, sai da aka ɗura mata ruwan suga ta dawo. Yanzu wlh tsoron allurar nakeyi. In daina ne? Kuma ga matsalar wuta, firij ɗinmu sai ya kwana biyu ba sanyi.
Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jinya, Allah ya bata lafiya. Kar ki daina allurar, amma yau ɗin nan ki koma yunit 1 ɗin da aka rubuta miki, ki kuma gaya wa likitan da ya dubata abinda ya faru.

Abinda ya kayar da ita ba ciwon bane, maganin ne yayi yawa. Mage kilo 4 ce ko 5, ba Baba bace, yunit ɗaya da kike rainawa a jikinta babban abu ne, shiyasa mu idan zamu ƙara rabin yunit muke ƙarawa ko ɗaya, sannan mu jira kamar sati guda jiki ya daidaita kafin mu sake taɓawa. Ita kuma 21 ɗin da kika gani da safe ai lokacin allurar jiya ta gama aiki ne, dole kiga ya hau. Lambar da muke nema ita ce wadda sugan ke sauka ƙasa can tsakanin allura biyu, wato daidai wannan azahar ɗin da ta zube miki. Mage zata iya nuna 21 da safe da rana kuma ta sauko 5, toh wannan idan kika ninka mata sau uku ina zata sauka? Ga kuma halin maguna, tsoro kaɗai yana ɗaga musu suga, idan an yi kokawa da ita kafin a samu jinin lambar zata yi ƙarya.

Ki ware rana ɗaya da kike gida, ki gwada kafin allurar safe sannan duk bayan awa 3 har zuwa ta yamma, ki rubuta a littafi harda abinda taci. A gefen kunne ake ɗan tsira, ki murza kunnen yayi ɗumi tukuna jinin zai fi fitowa. Muna so ta riƙa yawo tsakanin 5 da 14, in mitarku mai manyan lambobi ce ki raba da 18. Wannan littafin shi likita zai duba ya yanke hukunci, ba lamba ɗaya ba.

Idan kika ga ƙasa da 4, ko tangaɗi, ko rawar jiki, ki shafa mata zuma a dasashi da yatsa, kar a ƙara yi mata ɗura domin zata iya shaƙewa. Ta farfaɗo ki bata abinci ki nufi asibiti. Ranar da taƙi cin abinci ko tana amai kar ki tsira mata sai kin kira likita. Haka in kin yi allura kika ji gashin ya jiƙe kina kokwanto ta shiga ko bata shiga ba, ki ƙyale, kar ki maimaita, gara suga ya kwana a sama da ya faɗi.

Ki duba sirinjinki ma, Lantus U-100 ce, dole jikin sirinjin ya zama an rubuta U-100. Akwai sirinjin U-40 na wata insulin ta dabbobi mai suna Caninsulin, in aka zuƙi Lantus da shi maganin ya zama ninki biyu da rabi kenan.

Maganar NEPA kuwa duk muna ciki. Lantus ɗin da aka fara amfani da ita tana jure kwana 28 a waje matuƙar zafi bai wuce digiri 30 ba, to kinsan Kaduna a Maris da Afrilu ta wuce nan. Ki ƙulle ta a leda ki saka a roba mai murfi ki ajiye cikin randa a inuwa. Banda firiza, wadda tayi ƙanƙara ta mutu, haka in ruwan ya daina zama garau ki zubar.

Sai abinci, nan ne yawancinmu muke ɓatawa. A daina zuba mata ragowar tuwo da shinkafa da burodi, mage nama take ci, kaza ko kifi dafaffe ba albasa, ko abincin gwangwani na maguna. Amma ki sanar da likita kafin ki canza, saboda sugan zai sauka da kansa kuma yunit ɗayan ma zai iya yi mata yawa, wasu magunan har allurar ake daina musu gaba ɗaya bayan watanni. Idan kika ga tana taka ƙasa da dunduniya ko numfashinta ya canza, ki kaita, in abin ya gagara a nan akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya.