Tambaya da Amsa: Shin Doka Ta Halatta Cacar Karta ta Intanet?

Tambaya: Malam, ƙanena yana buga kartar da ake kira poka a wayarsa, yana zuba kuɗi, kuma ya ce tunda kamfanin yana da lasisi babu laifi. Mene ne gaskiyar maganar? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri. A Musulunci hukuncin a fili yake, domin aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta caca, kuma mayar da karta cikin waya bai sauya komai ba muddin kuɗin wani zai koma aljihun wani.

Ta fuskar doka, a watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a yankunansu, aka taƙaita dokar tarayya ta 2005 ga Abuja. Saboda haka lasisin da aka samo a wani wuri ba ya halatta caca a Sakkwato, jihar da ke aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke faɗakarwa. Ana iya rufe shagon caca a bakin titi, amma yaron da ke kwance a zaure da tsakar dare yana latsa waya, babu mai ganinsa. Huɗubar Juma'a da shirye-shiryen rediyo su riƙa bayyana wa matasa cewa kamfanin yana yankar kasonsa daga kuɗin da ake zubawa, ko wa ya ci. Ka zauna da ƙanenka cikin sirri, ka fara tambayarsa ko akwai bashi a kansa.