Gini kaɗai ba ya warkar da mara lafiya

Malam ka tambaya me ya sa ake ta gina asibitoci amma har yanzu sai an tafi birni neman magani. To ai gini ne mai sauƙin, ɗan kwangila ya jera bulo ya shafa fenti, a zo a yanke kyalle a ɗau hoto shikenan. A ƙauyenmu an yi mana ƙaramin asibiti mai kyau wallahi, amma ba ruwa ba wuta, ungozoma ɗaya tal, da tocilan waya take karɓar haihuwa cikin dare. Tun 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, gwamnatin tarayyarmu har yau ba ta kai ba, to da me za a ɗauki ma'aikata balle a saka sola da borehol?