Farin naman kazan da ke fitowa bayan turke, ya ciyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Tun da marka ta sauka wani naman kaza ke fitowa cikin ciyawar bayan turken shanunmu, kusa da inda muke tara taki. Fari ne, babba, da ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa a kan laimarsa, ga kuma zobe a karansa. Maƙwabcina ya ce shi ne na suri da iyayenmu ke sakawa a miya. Ya ciyu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ci, kuma ka ja wa yaran gida kunne. Siffar da ka bayar, da wurin da yake fitowa, sun fi kama da wanda masana ke kira Chlorophyllum molybdites, mai haddasa amai da gudawa mai tsanani cikin awa 1 zuwa 3 bayan an ci. Yana son ciyawa da ƙasa mai taki, laimarsa takan kai faɗin santimita 30, kuma sau da yawa yakan fito da yawa a jere ko a kewaye.

Na suri, wato dangin Termitomyces, daban yake tun daga tushe. Gara ce ke renonsa a cikin gidanta, don haka manyansa suna da doguwar saiwa siririya da ke nutsewa har cikin gidan garar. Wani lokaci gidan yana ƙarƙashin ƙasa, ba ka ganin suri a fili. Shi ya sa ba a fizge naman kaza idan ana son tantance shi. Ka sa wuƙa ko ƙaramar fartanya ka haƙa kewayensa, ka ciro shi da gindinsa duka. Na suri saiwarsa za ta yi ta bin ƙasa, yawanci kuma akwai tsini ko tudu mai tauri a tsakiyar laimarsa. Wanda ka siffanta, in shi ne, gindinsa a dunƙule zai tsaya kusa da saman ƙasa. Kada ka dogara da zobe ko ɓawo, domin wasu daga cikin na suri ma suna da su.

Sai gwajin ƙurar iri, wato ƙurar da ke zubowa daga ƙarƙashin laimar, wanda ya fi kallon ido. Zaɓi wanda ya buɗe sosai, ka yanke karan daf da laimar. Ka kifa laimar a kan farar takarda, siraran layukan da ke jere a ƙarƙashinta kamar shafukan littafi su kalli ƙasa. Rufe da kwano don kada iska ta taɓa, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ɗaga a hankali. Idan ƙurar da ta zuba kore-kore ce, magana ta ƙare, mai dafin ne. Na suri ƙurarsa ruwan hoda ce mai haske. Idan ba ka ga komai a farar takarda ba, ka sake a kan baƙa, domin farar ƙura ba ta nunawa a fari.

A nan ake yawan ruɗuwa: ƙaramin da bai buɗe ba layukansa farare ne tas, sai ya manyanta suke komawa kore mai toka-toka. Wanda ya tsinko ƙanana zai rantse babu kore a ciki. Kuma ƙura ruwan hoda ita kaɗai ba shaida ba ce, akwai masu dafi da ke zubar da irinta. Sai wuri, saiwa, tsini da ƙura sun haɗu, sannan wanda ya daɗe yana tsinkarsa a yankinku ya riƙe shi a hannu ya tabbatar. Hoto a waya bai isa ba. Masu iko da zuwa Dutse ko Kano suna iya kai shi sashen nazarin tsirrai na jami'a, a naɗe cikin takarda. A leda yakan yi gumi ya narke.

Tambaya: Ni uwa ce daga Tudun Wada. An ce in aka tafasa da kanwa aka zubar da ruwan farko, ko aka shanya shi, dafin yana fita. Wasu kuma sun ce duk wanda akuya ta ci, mutum ma zai ci. Haka ne?

Amsa: Hajiya, ba haka ba ne, kuma wannan zancen ya fi ba mu tsoro. Dafin da ke cikin wasu nau'o'in naman kaza, na dangin da masana ke kira Amanita da wasu ƙananan Lepiota, ba ya mutuwa da tafasa, suya ko shanya. Kanwa ba ta karya shi. Cin akuya ko na ƙwari bai nuna komai game da cikin ɗan Adam ba, haka ma zancen wai cokalin azurfa ko albasa kan yi baƙi in an dafa su da mai dafi. Duk wanda kika gani da fararen layuka da wata jaka da gindinsa ke zaune a ciki, ki bar shi a inda yake.

Wannan dafin ba ya nuna kansa da wuri. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa ke farawa. Washegari mutum yakan ji sauƙi, a ɗauka ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa. A kwana na 3 zuwa 5 ido ya yi rawaya, hankali ya fara gushewa. Don haka ciwon da ya makara ya fi wanda ya zo nan take haɗari, kuma wannan sauƙin na tsakiya ba dalilin zama gida ba ne.

In wani ya ci ya fara amai, a tafi asibiti nan da nan, tare da duk wanda ya ci daga tukunyar, ko da bai ji komai ba. A hanya a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yara da tsofaffi ruwan jikinsu ke saurin ƙarewa. Manja da madara ba sa kashe dafin, jinkiri kawai suke jawowa. A riƙe ragowar miyar da ɗanyen da ya saura, a kuma faɗa wa likita ƙarfe nawa aka ci da ƙarfe nawa aman ya fara.