Ruwa ya yi kalar shayi, amma pH ya ƙi sauka

Ɗan'uwa, ka ce ka zuba busasshen ganyen katappa (bishiyar Indian almond) a tankin kifinka, ruwa ya rine, amma pH (ma'aunin tsamin ruwa, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru) ya kafe a 7.8, ko ka ƙara ganye? Dakata tukuna. Matsalar tana cikin ruwan famfonka: sinadarin kabonet, wanda ake aunawa da KH, shi ke shanye ɗan tsamin da ganyen ke saki.

Fara auna KH. In ya haura 4, riƙa gauraya ruwan famfon da wanda injin RO (na'urar cire ma'adanai daga ruwa) ya tace, kaɗan-kaɗan cikin makonni, har KH ya sauko 1 zuwa 2. Sai a lokacin ganye da itace za su yi tasiri. Duba duwatsunka ma. Ni wata biyu ina fama, ashe wani farin dutsen ado ne ke ta narkewa. Da na ɗiga masa binega sai ga kumfa, alamar yana ɗauke da kabonet.

Kada ka ce sai ka kamo Rio Negro, kogi mai baƙin ruwa a yankin Amazon, inda pH kan sauka ƙasa da 5. Yawancin kifayen da aka ƙyanƙyashe a tanki, 6 zuwa 6.5 ya ishe su. Ƙasa da 6, bakteriyar da ke cikin matatar ruwa kan yi sanyin aiki, amoniya (dattin da kifi ke fitarwa) ta taru shiru. Ranar da ka kwarara ruwan famfo da yawa, pH ya yi tsalle, amoniyar ta zama guba. Canza kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ruwan duk mako, da ruwan da ka riga ka daidaita. Maganin kwalba na sauke pH kuwa, ban ba ka shawara ba.

In awo ya yi daidai amma kifi na haki a saman ruwa, nemi likitan dabbobi masanin kifi.