Na'urar tace iska mai tsada: me ake saye da kuɗin?

Da hazo ya fara sauka, tambayoyi kan na'urar tace iska suka yi ta shigowa. Mun zaɓi biyar.

Tambaya ta farko daga wani magidanci a Kano: Falona mita 6 ne tsawo, mita 5 faɗi. Ana nuna mini IQAir HealthPro Plus ta wajen dala dubu, ana kuma nuna mini wasu da ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta ba. Duk an rubuta HEPA a jikinsu. Mai tsadar ta fi su aiki ne, ko suna nake saya?

Alhaji, ka ajiye maganar farashi tukuna, ka ɗauko biro. Na'urar tace iska fanka ce da filta a cikin akwati. Ana auna aikinta da yawan iska mai tsabta da take fitarwa a awa ɗaya, ma'aunin da ake rubutawa CADR a kwali. Falonka 6 sau 5, murabba'in mita 30 ke nan. In silin ɗinka mita 3 ne, iskar da ke ciki kyubik mita 90 ce. Ana so a tace iskar ɗaki wajen sau biyar a awa, don haka kana buƙatar CADR na 450. In na'urar ta kasuwar Amurka ce, za ka ga lambar a cfm, wato kyubik ƙafa a minti ɗaya. Ka ninka ta sau 1.7 ka samu kyubik mita a awa. 450 ɗin nan kusan cfm 265 ne.

Sai dai lambar kwali an auna ta ne da fanka a ƙurewar gudu, kuma ba wanda zai zauna hira a falo da wannan ƙarar. Za a mayar da ita tsakiya, iskar ta ragu, sau da yawa zuwa wajen rabi. Saboda haka ka nemi wadda lambarta ta haura buƙatarka sosai, ko ka sayi matsakaita guda biyu ka ajiye su a kusurwa biyu na falon. Biyu a gudun tsakiya sun fi ɗaya a ƙurewa shiru, sun kuma fi ta zagaya iska. Rubutun "tana isar ɗaki mai murabba'in mita 100" kuwa kada ya ruɗe ka: wasu kamfanoni suna lissafa shi ne a kan tace iska sau ɗaya ko biyu kawai a awa.

Batun HEPA, wato nau'in filtar da take kama ƙura mai tsananin ƙanƙanta. A ma'aunin Amurka, filtar HEPA ta gaske tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikuron 0.3 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A ma'aunin Turai na EN 1822, ajin H13 yana kama kashi 99.95, H14 kashi 99.995. Bambancin H13 da H14 yana da muhimmanci a ɗakin tiyata. A falon da ake buɗe ƙofarsa sau ashirin a yini ba za ka taɓa jin sa ba, domin iskar tana komawa cikin na'urar ta sake wucewa. H14 ma ta fi matsewa, fanka tana wahalar tura iska ta cikinta. Abin gudu shi ne wadda aka rubuta mata "irin ta HEPA" ba tare da aji ko lamba ba.

To ina kuɗin mai tsada yake tafiya? Wuri uku. Na farko gawayi, za mu zo kansa a tambaya ta gaba. Na biyu rufin jiki: akwai roba a gefen filta da take hana iska zamewa ta gefe ba tare da an tace ta ba. Na uku faɗin filta da ƙarfin motar da ke juya fanka, abin da yake sa ta daɗe kafin ta toshe. Waɗannan na gaske ne. Allon taɓawa, haɗi da waya da fitila mai canza launi ba sa ƙara ko ɗigon iska mai tsabta. In ƙurar hunturu ce kawai damuwarka, ra'ayinmu ka sayi matsakaita biyu, ragowar kuɗin ka tara filta na shekara biyu.

Tambaya ta biyu daga wata uwargida a Maiduguri: Gidanmu ba ya rabuwa da turaren wuta, ga hayaƙin janaretan maƙwabta yana shigowa ta taga. Na'urar za ta kawar da su?

Hajiya, hayaƙi kashi biyu ne. Akwai ƙwayoyin toka da ake iya gani a hasken rana, waɗannan HEPA tana kama su da kyau. Akwai kuma tururin sinadarai da wari, su kuma suna ratsa HEPA kamar ruwa a rariya. Abin da yake riƙe su gawayi ne da aka sarrafa har ya zama duk ƙananan ramuka, kuma aikinsa a nauyi yake. Na'urori masu araha da yawa siririn baƙin soso kawai suke sawa wanda aka shafa wa garin gawayi. A gidan da ake turare kullum, ba ya daɗewa yake cika. IQAir HealthPro Plus tana ɗauke da wajen kilo 2 da 'yan kai na gawayi da sinadarin da yake taya shi, Austin Air HealthMate kuwa wajen kilo 7. A nan ne mai tsada take da hujja. Ki ɗaga filtar a hannu: in kin ji ta shafal, in kin girgiza ba ki ji ƙarar tsakuwar gawayi ba, babu abin kirki a ciki.

Gawayi ba ya gyaruwa a gida. Shanya shi a rana ko wanke shi ba ya mayar da shi sabo. Idan ya cika, yakan fara sakin abin da ya sha, sai ki ji na'urar tana fitar da wari mai tsami. Lokacin canji ya yi ke nan, ko da fitilar canjin filta ba ta kunna ba.

Dabarar turare mai sauƙi ce. Ki kashe na'urar lokacin da kasko yake ɗaki, ki turara kaya da labule yadda kika saba, ki fitar da kaskon, ki buɗe taga na minti goma, sannan ki rufe ki kunna ta a ƙurewa na rabin awa. In kika bar ta tana aiki kusa da kasko, turaren da kika saya da tsada gawayin zai shanye, kin yi asarar biyu. Haka maganin sauro na ƙonawa.

Janareta kuwa magana ce ta rai. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma na'urar tace iska ta gida ba ta cire ta, komai tsadarta. Haɗarin ma shi ne na'urar ta ɗauke warin hayaƙin ta bar gubar, mutum ya zaci lafiya lau. Janareta ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, bututun hayaƙi yana kallon waje. Ki sayi ƙaramar na'urar ƙararrawa mai gano wannan iskar, mai batir, ki rataye kusa da ɗakin kwana. Kaskon gawayi na jin ɗumi a ɗaki rufaffe lokacin sanyi shi ma wannan gubar yake fitarwa.

Tambaya ta uku daga wani malamin makaranta a Zariya: Ɗan'uwana zai turo mini ɗaya daga Amurka. Wutarmu ba tabbas, inbata nake amfani da ita da dare. Akwai matsala?

Akwai, Malam, kuma gara ka kira shi kafin ya biya. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce a hez 60, wato tana kai-komo sau 60 a daƙiƙa. Tamu a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce a hez 50. Ka saka ta Amurka kai tsaye a soket, ta ƙone nan take. Tiransifoma mai rage wuta tana gyara bolt amma ba ta canza hez, don haka mota irin ta da za ta riƙa juyawa ƙasa da gudunta, iskar ta ragu. Ya duba takardar da ke manne a bayan na'urar. In an rubuta 100 zuwa 240, 50/60, ba damuwa. In 120 kaɗai aka rubuta, ya bari, ku nemi samfurin Turai, Dubai ko China, waɗanda wutarsu irin tamu ce.

Cin wuta ba shi da yawa. Matsakaita da yawa suna cin wat 30 zuwa 60 a ƙurewa, manya masu kaurin gawayi suna iya haura 100. Ɗauki wat 50: awa takwas na dare wat-awa 400 ne. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da 2,400, amma in irin na ruwa ne rabi kawai ake so a ja, wato 1,200. Na'urar ta ci kashi ɗaya cikin uku ke nan, kafin fanka da fitila. A gudun tsakiya cin yana faɗuwa sosai. Inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul tana sa mota gurnani da zafi. Ka haɗa da sitabilaiza ko abin kare tashin wuta, domin allon lantarkin ciki ne yake fara mutuwa idan aka dawo da wuta da ƙarfi. Ka kuma tambaya ko tana tashi da kanta bayan ɗaukewar wuta. Wadda ba ta yi, da an ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na dare ta kwanta ke nan har safe.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk waɗannan kashe na'urori a ƙasarmu: filta. Kafin a saya, ka tabbatar kana da inda za ka samu filtar wannan samfurin daidai, ka san kuɗinta, ka ninka shi sau shekara biyar ka ɗora a kan farashi. Ɗan'uwanka ya haɗo da saiti biyu a kaya ɗaya.

Tambaya ta huɗu daga wata ma'aikaciya a Damagaram: Na saya wata uku da suka wuce. Fitilar tana nuna kore, alamar iska ta yi tsabta, amma ƙura tana nan a kan tebur kowace safiya. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Ki fara buɗe murfin ki duba ko an cire ledar da filta take zuwa a naɗe cikinta. Abin dariya ne, amma na'urori da yawa suna yin watanni suna hura iska a jikin leda.

In an cire, ga bayani. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata yake tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, gauraye take. Manyan ƙwayoyi suna da nauyi, suna shigowa ta ƙasan ƙofa da gefen taga su zauna kan tebur cikin mintuna, kafin na'urar ta ja su. Ƙananan, waɗanda ake kira PM2.5, su ne suke yawo awanni a iska suna shiga can cikin huhu, kuma su na'urar take kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa iyakarsu a maikurogiram 15 cikin kyubik mita a matsakaicin yini. Ƙurar tebur maganinta toshe kafa: roba a ƙasan ƙofa, soso mai gam a gefen taga, musamman taga mai gilashi falle-falle, da goge ɗaki da tsumma mai danshi maimakon tsintsiya.

Fitilar kore kuma kada ki ba ta amana duka. Idon da yake auna iska ɗan ƙarami ne a gefen na'urar, iskar da ke kusa da shi kawai yake gani, kuma ƙura tana rufe shi. Ki goge shi da auduga busasshiya duk wata biyu. Lokacin hazo ki bar saitin da take sarrafa kanta, ki sa ta a gudun tsakiya dare da rana. Ki janye ta daga bango da bayan kujera kamar santimita 30 zuwa 50. Ragar farko, mai kama gashi da babbar ƙura, ki wanke ta duk mako daga Disamba zuwa Maris, ki bari ta bushe sarai kafin ki mayar. Ita HEPA ba a wanke ta, ba a kaɗe ta da ƙarfi. Ruwa yana lalata zarenta. Fitilar canjin filta a yawancin na'urori awanni kawai take ƙirgawa, ba ta san Damagaram ba. Filtar da aka rubuta wa shekara ɗaya, ki duba ta da ido a ƙarshen hunturu: in ta yi jawur, iskar da ke fita ta yi rauni, ki canza.

Tambaya ta biyar daga wata uwa a Sakkwato: Ɗana yana da asma. Mai shago ya ce in ɗauki mai fitar da ayon da hasken kashe ƙwayoyin cuta, wai ta fi. In ƙara kuɗin?

Kada ki ƙara, Hajiya. Wasu na'urori masu cajin iska da lantarki, wato masu fitar da ayon, suna fitar da iskar ozon, wadda take fusata hanyar numfashi, kuma mai asma ne ya fi jin ta. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta hana sayar da na'urar gida da ozon ɗinta ya wuce kashi 0.05 cikin miliyan. In wadda kike so tana da wannan sashen, ki tabbatar yana da maɓallin kashewa, ki kashe shi. Wadda aka ce tana "wanke iska da ozon" kuwa kada ta shiga gidan da mutane suke ciki. Hasken da ke ciki ma iska tana wuce shi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, bai isa ya yi wani aikin kirki ba.

Ki sa na'urar a ɗakin da yake kwana, ba falo ba. Ɗaki mai mita 4 sau 4 da silin mita 3 yana buƙatar CADR na 240 a gudun da yaron zai iya barci da shi, don haka ki nemi mai wajen 480 a kwali, ki sa a kunna miki ita a shago ki saurari ƙarar matakin tsakiya. Ƙofa da taga a rufe. Na'urar ba ta ƙara danshi, bushewar hanci da leɓe ta hunturu tana nan yadda take. In za ki haɗa da na'urar feshin danshi mai fitar da farin hazo, ki zuba mata tataccen ruwa, domin ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gari a iska wanda zai toshe filtar. Inhelarsa da magungunan da likita ya rubuta kuma su ci gaba yadda aka tsara, ko da kin ga tarin dare ya ragu.